Yadda Ake Ƙidaya Ƙwararrun Masu Jinya A Rahoton Ƙungiya

Yawancin ƙungiyoyinmu na Sabo da Ama Hausa suna da ɗan ɗakin magani ko kwamitin duba marasa lafiya. Idan aka nemi tallafi, masu bayarwa sukan tambayi abu ɗaya: ƙwararrun ma'aikata nawa kuke da su? Ni na taɓa cike wa ƙungiyarmu fom irin wannan, na rubuta tara, aka dawo mana da shi aka ce a haɗo lambar lasisin kowa. Uku kaɗai muka iya kawowa. Kunyar da na sha ce ta sa na bi diddigin lamarin, ga abin da na fahimta.

Ƙwararre a wannan lissafi shi ne wanda ya yi karatu a makarantar da aka amince da ita, hukuma ta yi masa rajista, kuma lasisinsa bai ƙare ba. Nas da ungozomar asibiti suna ƙarƙashin Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya, NMCN, wadda aka kafa da doka a 1979. Ma'aikacin lafiyar al'umma, wato CHEW, yana karatun shekara uku, ƙaraminsa JCHEW shekara biyu, kuma hukumar rajistarsu daban ce, CHPRBN. Waɗanda ake ce wa ogzilari, da suka koyi aiki a hannu a asibiti mai zaman kansa, NMCN ba ta ɗauke su nas ba. Haka ungozomar gida da 'yan sa-kai. Suna da amfani sosai, wallahi wasu ma su ke kwana da majinyaci, amma layinsu daban ne a rahoto.

Mataki na farko, a tsayar da rana ɗaya, misali 31 ga Disamba, a ƙirga waɗanda ke aiki a ranar kawai. Wanda ya koma gida Arewa tun damina ba ya ciki. Na biyu, a ga lasisi da ido, a rubuta lambarsa da ranar ƙarewarsa, a ajiye kwafi.

Na uku shi ne awanni. A kara ba a yi wa bijimi da ɗan maraƙi kuɗi ɗaya don kowanne kai ɗaya ne, to haka nan ma. Ana ɗaukar awa 40 a mako a matsayin cikakken ma'aikaci ɗaya. Namu ukun, nas ɗaya tana yin awa 40, ɗayar tana leƙowa awa 10, CHEW kuma awa 20. Jimla awa 70, a raba da 40, ya ba da 1.75. Don haka sai a rubuta duka biyun: mutum uku, daidai da cikakkun ma'aikata 1.75. Sauran shidan muka jera su a ƙasa: ɗaya lasisinta ya ƙare, ungozomar gida biyu, 'yan sa-kai uku.

Na huɗu, a faɗi yawan mutanen da aka duba a shekarar, mutum ɗaya sau ɗaya, ko da ya zo sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ta sa ma'aunin likita, nas da ungozoma 4.45 ga kowane mutum 1,000. Wannan na auna ƙasa ne baki ɗaya, kada ƙaramar ƙungiya ta ɗora kanta a kai.

Me ya sa sai an yi wannan wahala? Masu tallafi suna iya zuwa su duba, kuma idan suka kama ƙari a lamba ɗaya, sauran rahoton ma ba za su yarda da shi ba. Sannan ku kanku za ku ga inda giɓi yake. Mu dai a nan muka gano ba mu da ƙwararre ko ɗaya da dare, shi ne muka fara nema wa kuɗi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.