Daga Hatimi zuwa Kwamfuta: Tarihin Tsara Takardun Hukuma a Ƙasar Zamfara

Tsara takarda ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin Daular Sakkwato, Waziri ne ke kula da wasiƙun da ake aikawa ga sarakuna. Kowace wasiƙa tana da ƙa'idarta: a fara da sunan Allah, a ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa, a yi gaisuwa, sa'an nan a shiga magana. Hatimi shi ne shaidar sahihancinta.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ciniki ya bunƙasa har su Zurmi da Dauran da Shinkafi, aka ƙara bukatar rasit da takardun yarjejeniya cikin boko. Amma tafireta ta zo da cikas, domin an ƙera ta ne saboda Ingilishi, ba ta da ɓ da ɗ da ƙ. Akawu sai ya buga "baki" alhali "baƙi" yake nufi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta taimaka ƙwarai wajen tabbatar da waɗannan haruffa masu lanƙwasa.

A 1985 manhajar PageMaker ta fito a Amurka, ta mayar da aikin maɗaba'a kan teburin mutum guda. Daga 1991 kuma tsarin Unicode ya ba haruffan Hausa mazauni a kwamfuta. Saboda haka uzurin akawun da ya ƙare. Ma'aikacin da ya yar da lanƙwasa a yau, laifin nasa ne, ba na na'ura ba.