Majami'ar Titin Eldridge: Daga Tsintsiyar 'Yan Sa Kai Zuwa Hannun Ƙwararru

A shekarar 1971 wani malamin Jami'ar Niyok, Gerard Wolfe, ya lallashi mai kula da wata tsohuwar majami'ar Yahudawa a titin Eldridge ya buɗe masa babban zauren ibada, wanda ya yi shekaru a garƙame. Abin da ya tarar ba daɗin gani: rufi na yoyo, filasta na zubowa, ƙura ta binne bencina, tantabaru sun mayar da benen mata gidansu.

Yahudawan da suka yi ƙaura daga Gabashin Turai ne suka gina ta a 1887, a unguwar Lower East Side ta birnin Niyok, lokacin da jama'a ke cika ta maƙil a ranakun idi. Dokar shige da fice ta 1924 ta toshe hanyar sababbin baƙi, masu hali suka koma wasu unguwanni. Zuwa shekarun 1950 'yan tsirarun da suka rage ba su iya biyan kuɗin ɗumama zauren, sai suka kulle shi suka koma yin ibada a ɗakin ƙasa.

Masu kishin farko sun yi abin da suka iya. Sun zagaya da baƙi, sun yi shara, sun nemi taro da sisi. Amma tsintsiya ba ta tare ginin da ke shirin ruftawa. Al'amarin ya sauya ne a 1986, da 'yar jarida Roberta Brandes Gratz ta kafa ƙungiyar Eldridge Street Project. Dabarar ita ce ƙungiyar ba ta addini ba ce, kuma daban take da jama'ar da ke ibada a wurin. Tana da kwamitin amintattu, da ma'aikata masu albashi, da lissafin da ake bincika. Wannan ya ba ta damar ƙwanƙwasa ƙofar hukumomi da gidauniyoyi waɗanda ba za su zuba kuɗi a asusun gidan ibada kai tsaye ba. A 1996 gwamnatin Amurka ta sa ginin cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa.

Aikin ya ci shekara 20 da kusan dala miliyan 20, aka kammala a Disamban 2007. Masu gyara sun kankare fenti ɓawo bayan ɓawo don gano launin asali, sun kwance tagogin gilashi masu launi sun sake harhaɗa su. Inda gwanintarsu ta fi fitowa fili, a ganin mai wannan rubutu, shi ne abin da suka ƙi taɓawa. Daɓen katako na nan da 'yan kwarin da ƙafafun masu ibada suka cinye a gaban bencina. Ɗan kwangila mai son burge jama'a da tuni ya goge su sumul. Sun kuma bar wani yanki na bango yadda suka same shi, katako da filasta a tsirara, don baƙo ya ga halin da ginin ya shiga.

Matsala ɗaya ta gagara: babbar tagar gabas. Ta asali ta lalace, an toshe gurbinta da bulon gilashi tun shekarun 1940, kuma ba a sami zanen da zai nuna kamanninta ba. Maimakon a ƙirƙiri tsohon abu na jabu, sai aka ba mai zane Kiki Smith da masaniyar zanen gini Deborah Gans aikin sabuwar taga, shuɗiya mai taurari, aka kafa ta a 2010.

Yau wurin gidan tarihi ne mai suna Museum at Eldridge Street, da tikitin shiga da masu yi wa baƙi jagora. Unguwar kuwa ta zama ta Sinawa, har gidan tarihin ya ƙirƙiro bikin titi na shekara-shekara inda abincin Yahudawa da na Sinawa ke haɗuwa a rumfa guda.