Tarihin Sifaniyanci: An Kori Mutane, Kalmominsu Sun Zauna

Ga taƙaitaccen abin da muka kawo a filin tarihi na wannan mako, domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya.

Ɗan'uwa, in ka ɗauko kaya daga Jibiya za ka Maraɗi, a wannan gefe ka ce kwastan, kana tsallakawa ka ce duwan. Wannan duwan daga Faransanci muka aro ta, amma asalinta kalmar diwani ce ta Larabci. Mutanen Sifaniya ma sun aro ta, suna cewa aduana. Mangazar da ake ajiye buhuna kuwa, su almacén suke ce mata, tushen duka biyun shi ne makhzan. To, me ya kai Larabci bakin Turawan Sifaniya?

Sifaniyanci ɗan harshen Latin ne. Sojojin Rumawa sun sauka a ƙasar a shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka yi ɗaruruwan shekaru suna mulki. Latin ɗin da ya zauna a bakin jama'a na sojoji da fatake da manoma ne, wato maganar kasuwa. Shi ya yi ta sauyawa har ya zama harshen yankin Kastiya da ke arewa. Tun a lokacin yana aro: kalmarsu ta hagu, izquierda, daga maƙwabtansu mutanen Basko ta fito.

A shekarar 711 Ɗariƙ bin Ziyad ya ƙetaro teku daga Maroko da rundunarsa. Dutsen da ya sauka aka sa wa Jabal Ɗariƙ, shi ne Jibraltar ta yau. Musulmi sun yi kusan shekara 800 da mulki a wani ɓangare na ƙasar, wadda suka kira Andalus. Masana na ƙiyasta cewa kalmomi wajen 4,000 na Sifaniyanci daga Larabci suke. Wasu za ka gane su nan take. Sukari a wurinsu azúcar ne, zaitun kuma aceituna. Alƙali ya koma alcalde, sai dai su magajin gari suke nufi. Ma'auninsu na arroba, mai nauyin kilo 11 da rabi, daga rubu'i yake. In suna fatan wani abu sai su ce ojalá, wadda ta samo asali daga faɗin "in Allah ya so".

Ku makiyaya, ku ma da rabonku a ciki. Shugaban masu kiwo rabadán suke ce masa, daga Larabcin da ke nufin mai tumaki, yaron da ke bin garke kuma zagal. A 1273 Sarki Alfonso na Goma ya amince da ƙungiyar masu tumaki da ake kira Mesta, aka kare musu burtalai daga arewa zuwa kudu. Babban burtali faɗinsa ya kai mita 75. An rushe ƙungiyar a 1836, amma burtalan na nan cikin dokar ƙasar.

Shekarar 1492 ce ta juya komai. A watan Janairu birnin Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe, ya faɗi. A shekarar aka kori Yahudawa, suka tafi da Sifaniyancinsu zuwa daular Usmaniyya da Maroko. A cikinta wani malami, Nebrija, ya buga littafin nahawun harshen na farko, a watan Oktoba kuma Kolombus ya isa tsibiran Amurka.

Musulmin da suka rage an tilasta musu shiga Kiristanci. Da yawansu Larabci ya kuɓuce musu, sai suka riƙa rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci suna ɓoyewa. Sunan wannan rubutu aljamiado, tushensa ɗaya da ajamin da malamanmu ke rubuta Hausa da Fulatanci da shi. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya haramta magana da rubutu da Larabci. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su, mutum kusan 300,000. Ka ji fa: an iya korar mutanen, amma ba a iya cire sukari da duwan daga bakin masu korar ba.

A Amurka ma harshen ya ci gaba da aro. Daga mutanen Taino na tsibirai ya ɗauki canoa, wato kwalekwale, da maíz, wato masara. Daga harshen Nahuwatal na Meziko ya ɗauki tomate da cacao. Su ne suka bi ta bakin wasu Turawa har suka iso gare mu, muna cewa tumatir da koko. A nahiyarmu kuma, Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, da Sifaniyanci take aikin hukuma. Ta sami 'yanci a 1968. 'Yan Najeriya da suka je ƙwadago a gonakin koko na tsibirin Farnando Fo, Panya suke kiran wurin, daga España, sunan ƙasar a bakin 'ya'yanta. Yau kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da harshen, kuma Meziko ta fi Sifaniya kanta yawan masu jin sa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu. Sau nawa aka yi maka dariya don ka haɗa Hausa da Faransanci da Fulatanci a ciniki ɗaya, aka ce ka ɓata harshe? Kar hakan ta dame ka. A iyakar Yurugwai da Barazil ma mutane na gauraya Sifaniyanci da harshen Fotugal, suna cinikinsu lafiya. Sifaniyanci ya yi shekara fiye da dubu yana aro, ƙiba ya yi, bai rame ba.

Abin tsoron yana wani wuri dabam. Dubi Taino: kalmominsu sun zaga duniya, amma cuta da aikin dole sun ƙarar da yawancinsu, harshen ya mutu. Dubi Larabcin Andalus: ya bar kalmomi dubbai, amma ba uwar da ke rarrashin ɗanta da shi yau. Sai ka kwatanta da Gwarani na ƙasar Faragwai. Iyaye ba su daina yi wa 'ya'yansu shi a gida ba, har tsarin mulkin 1992 ya ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da Sifaniyanci a matsayin harshen hukuma.

Saboda haka a kasuwa ka ari duk kalmar da za ta sayar maka da saniya. Amma in ka koma ruga ko gida, yi wa yaro Fulatanci, ko Tamashek, ko Barbarci, ko duk harshen da aka raine ka da shi. Ranar da jika ya kasa amsa gaisuwar kakarsa, ranar aka fara asara.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a dukiya.