Tarihin Ƙunshin Ƙari a Manhajar Emacs: Daga Kwafin Hannu Zuwa Rumbunan Intanet

Wanda ya buɗe manhajar tace rubutu ta Emacs a yau, ya ba ta umarnin list-packages, zai ga jerin ɗaruruwan ƙananan shirye-shirye suna jiran a zaɓe su. Wani na duba kurakuran rubutu ne, wani na karanta wasiƙu, wani kuma na tsara ayyukan mako. Da ya zaɓi ɗaya, sai ya sauko, ya harhaɗu, ya kama aiki cikin ƴan daƙiƙoƙi. Irin wannan shiri shi ake kira ƙunshin ƙari: tarin fayiloli masu suna da lambar fitowa, waɗanda ake ɗora wa manhaja domin ta iya abin da ba ta zo da shi ba. An haifi Emacs a 1976, amma sai a 2012 babban reshenta ya sami tsarin girka ƙunshi na kansa. Shekaru 36 ke nan. Fasahar ba ta gagari kowa ba tun da wuri. Abin da ya ja lokaci shi ne tambayar wa zai riƙe rumbun, kuma da wane sharaɗi za a zuba kaya a cikinsa.

Asalin Emacs

Ita kanta Emacs ƙari ce a kan wata manhaja. A cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka akwai wata tsohuwar manhajar tace rubutu mai suna TECO, wadda Dan Murphy ya fara rubutawa a 1962. Umarninta gajeru ne masu wuyar riƙewa, don haka kowane mai amfani da ita yakan ɗinka wa kansa jerin umarni a ƙarƙashin suna guda, abin da ake kira makro. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama kowa da nasa, har mutum ba ya iya aiki a mazaunin abokinsa. A 1976 Guy Steele ya soma haɗa kan waɗannan makro, Richard Stallman ya karɓi aikin ya kai shi gaci, aka sa wa abin suna Emacs. Stallman ya riƙa ba da ita kyauta bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya inganta wani abu ya mayar da shi gida domin kowa ya amfana.

A 1978 Bernard Greenberg ya rubuta wata Emacs ga tsarin Multics da harshen Lisp, aka ga yadda wannan harshe ke sauƙaƙa wa mutum faɗaɗa manhajar alhali tana cikin aiki. Wannan darasi Stallman ya ɗauka lokacin da ya fitar da GNU Emacs a 1985. Ya rubuta ƙaramar cibiya da harshen C, sauran kusan duka kuwa da Emacs Lisp. Tun daga ranar, duk wanda ya iya rubuta fayil mai ƙarewa da .el ya iya ƙara wa manhajar sabon hannu.

Zamanin kwafi da hannu

Rubuta ƙari ya zo da sauƙi, isar da shi ga jama'a ne ya zama aiki. Marubuta sukan watsa fayilolinsu a zauren Usenet mai suna gnu.emacs.sources, Jami'ar Jihar Ohayo kuma ta daɗe tana ajiye tarinsu. Mai bukata sai ya nemo fayil, ya ajiye shi a wata jaka, ya buɗe fayil ɗin saitinsa na .emacs ya gaya wa manhajar inda za ta duba, sannan ya harhaɗa fayil ɗin zuwa sigar .elc mai saurin gudu. Idan shirin ya dogara da wani shiri, ba zai sani ba sai ya ga saƙon kuskure. Idan marubucin ya gyara wata matsala, babu mai sanar da shi. Idan kuma ya so cirewa, sai ya bi ya tuna duk inda ya taɓa.

Hanya ta biyu ita ce shiri ya shiga cikin GNU Emacs kanta, a riƙa rarraba su tare. Wannan ƙofa tana da mai gadi. Gidauniyar FSF, wadda Stallman ya kafa a 1985 domin kare ƴantacciyar manhaja, ta shimfiɗa ƙa'ida cewa duk mai ba da gudummawa mai yawa sai ya sa hannu a takarda ya miƙa mata haƙƙin mallakar abin da ya rubuta. Hujjarta ita ce, idan wani ya karya lasisin GPL, mai haƙƙi guda ɗaya ya fi ƙarfin tsayawa gaban alƙali. Sai dai shirin da mutum ashirin suka sa wa hannu yana bukatar takarda ashirin, kuma akan rasa inda wasunsu suke. Ga shi kuma wanda ya shiga sai ya jira sabuwar fitowa kafin gyaransa ya isa ga jama'a. Tsakanin Emacs 21.1 ta Oktoban 2001 da Emacs 22.1 ta Yunin 2007, jiran ya kusa kai shekara shida.

Rabuwar gida

Irin wannan jinkiri shi ne ya raba gidan tun kafin lokacin. Kamfanin Lucid na jihar Kalifoniya yana gina wani kayan aiki mai suna Energize domin masu rubutu da harshen C++, kuma yana bukatar Emacs mai fuskar zane da tagogi. Fitowa ta 19 da ake jira daga GNU ta ƙi zuwa, sai ma'aikatansa, ciki har da Jamie Zawinski, suka ci gaba da nasu aikin, suka fitar da Lucid Emacs a 1992. Kamfanin ya durƙushe a 1994, aikin ya ci gaba da sunan XEmacs, da tallafin kamfanin Sun Microsystems da wasu masana na Jami'ar Ilinoi. An yi ta ƙoƙarin haɗe rassan biyu, amma XEmacs tana ɗauke da rubutun da ba a miƙa wa FSF haƙƙinsa ba, GNU kuwa ba ta karɓar irinsa. Ruwa ba ya tsami banza: saɓanin ya haɗa da bambancin ra'ayi kan tsarin ciki da kuma halayen mutane, amma takardar ce ta hana gyara.

Da yake ba ta da wancan mai gadi, XEmacs ta yi ta tara shirye-shirye har ta yi nauyi. A ƙarshen shekarun 1990, da jerin fitowa mai lamba 21, masu kula da ita suka yanke shawarar sauke kayan. Suka bar cibiya da ɗan abin da ba makawa sai da shi, sauran suka rarraba su zuwa ƙunshi fiye da ɗari, kowanne da lambar fitowarsa da mai kula da shi. Daga nan mai kula da shirin karanta wasiƙu yana iya sakin gyara a kowace rana ba tare da jiran sabuwar fitowar manhajar ba.

Yadda XEmacs ta gina ƙunshi, ta kuma girka shi

Tsarin ya kasa jakunkuna uku. Ta xemacs-packages ita ce ta gama-gari. Ta mule-packages ta ƙunshi kayan rubuta harsuna masu haruffa dabam-dabam, aikin da ya samo asali daga masu bincike na Japan. Ta site-packages kuwa an bar ta ne ga abin da ma'aikata ko jami'a ta rubuta wa kanta. A cikin kowane ƙunshi akwai fayil mai bayyana sunansa da fitowarsa, da wani mai suna auto-autoloads wanda ke sanar da manhajar umarnin da ke ciki ba tare da an loda shirin duka ba, sai ranar da aka kira shi. Akwai kuma jerin duk fayilolin da aka girka, wanda da shi ake cire ƙunshi tsaf.

Mai son ginawa daga tushe sai ya ɗauko bishiyar rubutun gaba ɗaya, ya kwafi samfurin fayil ɗin Local.rules ya cika shi da bayanin kwamfutarsa, sannan ya ba da umarnin make. Kowane ƙunshi yana da nasa Makefile, inda layin REQUIRES ke lissafa waɗanda yake dogara da su wajen harhaɗawa. Umarnin make bindist shi ke fitar da dunƙulallen fayil da za a ɗora a rumbu. Mai son girkawa kawai yana da zaɓi biyu: ya tsinci abin da yake so daga jeri a cikin manhajar, ko ya sauke komai a dunƙule guda da aka laƙaba wa suna sumo, sunan kokawar ƙattin Japan. Akwai wani ɗan ƙulli: kafin manhajar ta iya sauko da ƙunshi da kanta, sai an girka mata xemacs-base da efs da hannu, domin su ne ke ba ta ikon shiga rumbun.

XEmacs ta riga GNU Emacs samun wannan tsari da fiye da shekara goma, duk da haka bai hana ta ja baya ba. Rumbun guda ne, a hannun ƙungiya guda, kuma da masu aikin sa kai suka ragu, sai kayan ciki suka soma tsufa. Jerin 21.5 da aka fara gwajinsa a 2001 bai kai matsayin tabbatacciyar fitowa ba.

Daga package.el zuwa MELPA

A 2007 Tom Tromey ya rubuta package.el tare da ɗan rumbunsa mai suna ELPA. Shirin yana karanta jerin abin da ke rumbu, ya duba layin Package-Requires da ke kan kowane ƙunshi, ya sauko da duk abin dogaro, ya samar da fayil ɗin sanarwa, ya harhaɗa, ya ajiye a jakar elpa ta mai amfani. An shigar da shi cikin Emacs 24.1 a Yunin 2012. Rumbun hukuma na GNU ELPA ya riƙe tsohon sharaɗin miƙa haƙƙi. Amma an amince da abu ɗaya da ya sauya komai: mai amfani yana da ikon ƙara adireshin kowane rumbu da ya ga dama.

Ta wannan ƙofa MELPA ya shigo, wanda Donald Curtis ya assasa, Steve Purcell kuma ya zama cikin manyan masu kula da shi. Marubuci ba ya ɗora ƙunshi a can. Yana miƙa ɗan bayani ne mai nuna inda rubutun tushensa yake, a duba shi sau ɗaya, daga nan na'ura ta riƙa ɗaukowa tana ginawa duk lokacin da ya yi sauyi, ta sa kwanan wata a matsayin lambar fitowa. Babu takarda, babu jira. Ƙunshin da ke MELPA ya haura 5,000.

Sauƙin ya zo da nasa haɗari, domin ƙunshin Emacs yana gudana da cikakken ikon mai kwamfutar: yana iya karanta fayilolinsa, ya goge su, ko ya aika da su waje. Akwai lokacin da MELPA ke ɗauko wasu shirye-shirye daga EmacsWiki, inda kowa ke iya sauya rubutu, sai a farkon 2018 aka yanke wannan hanya. A ɓangaren GNU kuwa, tun Emacs 24.4 ta 2014 ake tantance hatimin sirri da ke kan kowane ƙunshi. Shi ma hatimin ya nuna iyakarsa a Satumban 2019, lokacin da wa'adin mabuɗin GNU ELPA ya cika, masu tsofaffin fitowa suka wayi gari manhajarsu tana ƙin karɓar kaya daga rumbun hukuma har sai sun sabunta mabuɗin.

Sulhun da aka cimma

A 2020 Stallman ya gabatar da shawarar buɗe rumbu na biyu, NonGNU ELPA, wanda ke karɓar ƴantacciyar manhaja ba tare da neman miƙa haƙƙi ba. Emacs 28.1 ta Afrilun 2022 ta zo da shi a buɗe tun daga farko, kuma ta nan shahararren shirin Magit, mai sarrafa Git, ya zama abin girkawa ba tare da ƙara wani adireshi ba. Emacs 29.1 ta Yulin 2023 ta ƙaro umarnin package-vc-install, wanda ke gina ƙunshi kai tsaye daga ma'ajiyar marubucinsa, ta kuma haɗo da use-package na John Wiegley, wanda ke ba mutum damar rubuta duk abin da yake so a girka masa a fayil guda.

Takardar da ta hana haɗe rassan biyu tana nan a kan cibiyar Emacs da kan GNU ELPA, amma ta daina zama ƙofa ɗaya tilo. Ɗalibin da zai girka ƙunshi a yau yana gaban hanyoyi huɗu, kowace da irin amanar da take nema: GNU ELPA mai takarda da hatimi, NonGNU ELPA mai hatimi babu takarda, MELPA mai yalwa da sauri wanda ba ya sa hatimi, sai kuma ma'ajiyar marubuci inda babu kowa tsakaninsa da mai rubutun. Zaɓin da Stallman da masu kula da XEmacs suka kasa daidaitawa a kansa ya dawo hannun mai kwamfutar, kuma yana yin sa duk ranar da ya ƙara layi ɗaya a jerin package-archives.