Kaka a Tarihin Hausawa: Lissafin Kwanaki, Ranakun Tunawa da Wasannin Dandali

Gabatarwa

Masu fassara sun saba ɗaukar kalmar "kaka" su ɗora ta a kan lokacin nan da ganyaye ke zuba a ƙasashen Turai, tsakanin Satumba da Nuwamba. Watannin sun yi kusan dacewa, amma abin da Bahaushe yake nufi da kaka daban ne. A wurinsa kaka ita ce lokacin da ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya nuna, aka shiga girbi da ɗaurin dami da cika rumbu. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda Hausawa suka riƙa lissafa wannan lokaci a da, da irin abubuwan tarihi da suka faɗo a cikinsa, da wasannin da ake yi idan ya zo. Sa'an nan a nuna abin da ya sauya tun daga ranar da kalandar takarda ta hau bangon ɗaki.

Lissafi uku a ƙasa ɗaya

Kafin zuwan Turawa, lissafin lokaci iri biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasar Hausa. Na farko shi ne na watannin Musulunci, wanda shekararsa take da kwana 354, watau ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Da shi ake azumi da salla da Mauludi, har Hausawa suka raɗa wa wasu watanninsa sunayen gida: Muharram ya zama watan Cika-ciki, Rajab kuwa watan Azumin Tsofaffi. To, amma wannan lissafi ba ya tsayawa wuri ɗaya a kan yanayi, sai ya zagaye damina da kaka da rani da bazara cikin shekara kamar 33. Alal misali, azumin 1973 a kaka aka yi shi, na 1990 ya faɗo a tsakiyar zafin bazara, na 2006 ya sake komowa kaka. Saboda haka manomi ba zai iya dogara da shi wajen shuka ko girbi ba.

Na biyu shi ne lissafin taurari, wanda malaman hisabi suka gada daga littattafan Larabawa ta hanyar Magrib. A cikinsa an kasa shekara gida 28, kowane gida da tauraronsa, kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. Idan aka haɗa sai a sami 365 daidai. Kowane yanayi yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Na kaka kuwa Sarfa ce ke buɗe su, sai Iwa, da Simaku, da Gufuru, da Zubana, da Ikilil, Ƙalbu ta rufe, jimlar kwana 91 ke nan. Malamai sun tsara waɗannan sunaye cikin waƙoƙin ajami domin almajirai su haddace, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a 1967.

Baya ga wannan, manoman karkara suna da nasu ƙirgen na baka, wanda ke farawa daga ɗaukewar ruwa. Shi ya sa ake cewa watan bakwai maƙarar rani. Duk wanda ya ƙirga baya daga watan bakwai, watau wajejen Afrilu zuwa Mayu lokacin da hadari ke fara haɗuwa, zai tarar watan ɗaya ya faɗo wajejen Oktoba zuwa Nuwamba. Ashe ke nan a wurin manomi kaka ce farkon shekara, ko da yake ita ce ƙarshen aiki. A kan wannan ƙirge ne ake yin bikin buɗar dawa a wata na huɗu a wuraren da al'adar ta daɗe ba ta gushe ba, kamar ƙasar Maraɗi. Lissafi na uku, watau na Miladiyya, sai da mulkin mallaka ya kafu bayan 1903 sa'an nan ya shigo, ta ƙofar ofis da makaranta da takardar haraji.

Yadda ake tuna abin da ya wuce

Al'adar nan ta a ce "rana mai kamar ta yau, shekara kaza da suka wuce" baƙuwa ce a wurin talakan Bahaushe. Abin da yake riƙewa shi ne ranar mako da yanayi da babban abin da ya auku. Ranar mako tana cikin sunayen mutane: Ɗanladi da Ladi, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Balarabe da Talatu da Asabe. Yanayi ma haka, domin wanda aka kira Anaruwa ko Ɗankaka ko Ciwake, sunansa ya riga ya faɗi lokacin da aka haife shi. Shekara kuwa da abin da ya faru cikinta ake kiranta. Tsoho zai ce an haife shi shekara biyu bayan Kakalaba, watau yunwar 1913 zuwa 1914, ko kuma ya ce ya yi aure shekarar Muda, watau yunwar da aka yi wajejen 1953 zuwa 1954, ko shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, watau 1911.

Hatta rubutaccen tarihin fada a kan wannan tafarki ya tafi. Littafin Tarihin Kano yana ba da tsawon mulkin kowane sarki, ba ya ɗora shi a kan wata shekara ta kalanda. H. R. Palmer ne, da ya fassara shi a 1908, ya yi ta haɗa shekarun sarauta yana komawa baya har ya kai Bagauda ga shekarar 999, ya kuma ajiye Muhammadu Rumfa tsakanin 1463 da 1499. Ya kamata ɗalibi ya san cewa waɗannan lambobi sakamakon lissafi ne, ba shaidar wanda ya gani da ido ba. Malaman jihadi su ne suka fi kula da rubuta wata da shekarar Hijira, shi ya sa tarihin ƙarni na 19 ya fi na gabaninsa tabbas.

Abubuwan da suka faɗo a kaka

Idan aka jera manyan abubuwan da suka auku a ƙasar Hausa, za a ga da yawa sun taru daga kaka zuwa rani, kuma akwai dalili. Mayaƙan dā manoma ne, ba sa barin gona sai an kai amfani gida. Doki ba ya jin daɗin laka, kuma rafuka sai sun janye ake ƙetare su. Haka nan rundunar da ta fita bayan girbi tana samun guzuri a rumbunan da ke kan hanyarta. Yaƙin Tsuntsuwa a Disamban 1804 aka yi shi, Alƙalawa kuwa, babban birnin Gobir, a Oktoban 1808 ta faɗi hannun masu jihadi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Ba a ce ba a taɓa gwabzawa da damina ba, ga Tabkin Kwatto a Yunin 1804, ga Burmi a Yulin 1903, amma waɗannan tilas ce ta kawo su.

A zamanin boko kuma sai Oktoba ya zama watan bukukuwan hukuma a Nijeriya. Ran Asabar 1 ga Oktoba 1960 aka sami mulkin kai, ran 1 ga Oktoba 1963 ƙasar ta zama jamhuriya, ran 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, ran 1 ga Oktoba 1996 kuma aka ƙirƙiro jihohin Zamfara da Gombe da Nasarawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta. Sarkin Musulmi Abubakar na III ya rasu ran 1 ga Nuwamba 1988 bayan shekara 50 yana sarauta, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo kuwa ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abuja ran 29 ga Oktoba 2006. A Nijar, ranar kafa jamhuriya ita ce 18 ga Disamba 1958, lokacin da sanyin hunturu ya riga ya kama.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai nazari ya lura da shi. Kowane abin tarihi a ƙasar Hausa ranar tunawa biyu gare shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno cikin Rajab na 1253, wanda ya yi daidai da Oktoban 1837. Mai bin kalandar boko zai tuna da shi kullum a kaka, mai bin watan sama kuwa zai tuna da shi a Rajab, ko ya faɗo cikin marka ko cikin ɗari. Dukansu biyu suna da gaskiya, amma wanda ya juya shekarar Hijira zuwa Miladiyya ba tare da duba wata ba, yana iya kuskure da shekara guda cur.

Wasannin kaka

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wasa ma sai ciki ya ɗauka. Daga lokacin da gero ya nuna aka fara gasa tumu, sai gari ya sake. Manomi ya fitar da zakka, watau kashi ɗaya cikin goma na hatsin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, ya biya haraji da bashin damina, abin da ya saura kuma a yi aure da tufafi da biki. Bayan da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano daga 1912, sai kuɗi suka ƙara yawa a hannun mutanen ƙauye a daidai wannan lokaci, makaɗa da maroƙa da 'yan koli suka riƙa bin kasuwanni suna kwasar rabonsu.

Babban bikin samari da 'yan mata shi ne kalankuwa, inda ƙauyuka ke gayyatar juna a kwana ana kiɗa da rawa. A cikin irin wannan taro samari kan naɗa sarakunansu, a sami mai kwaikwayon sarki da alƙali, daga baya har da gwamna da Di'o, kowa da tufafin muƙaminsa. Wannan kwaikwayo, tare da wasan gauta na matan fada, yana cikin tushen da masana ke komawa gare shi idan suna neman asalin wasan kwaikwayo na Hausa. Dambe, wanda aka fi sanin mahauta da shi, a kaka ne 'yan wasansa ke bin garuruwa, su yi fawa da rana su shiga fage da yamma. Kokawa ma haka, ita ce ta manoma. Masu bori suna da shan kabewa. Manomin da Allah ya ba dami dubu kuwa yakan yi bikin dubu, ya rabar da dukiya mai yawa domin ya tabbata Sarkin Noma.

Akwai kuma ƙananan wasanni na hira. Dattawa na gindin bishiya suna dara, mai gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Yara maza na langa a farin wata, 'yan mata na gaɗa, ƙanana kuma suna sassaƙa motoci da dawaki da karan dawa da aka girbe. Idan dare ya yi a koma ɗakin tsohuwa a yi tatsuniya da kacici-kacici, mai tambaya ya ce ƙulin-ƙulifita, a amsa masa da gauta, wanda ya kasa kuma ya ba da gari. Waɗannan su ne makarantar farko ta harshe, inda yaro ke koyon saurin fahimta da sarrafa magana. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi masu yawa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray kuma ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Ghana yanzu a 1913.

Abin da ya sauya

Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, da Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, da gidan rediyon Kaduna a 1962, sai kunnen Bahaushe ya saba da jin kwanan wata na boko kowace safiya. Kacici-kacici ya tashi daga ɗakin tsohuwa ya koma filin rediyo da gasar makarantu, tambayoyinsa suka koma na ranaku da sunayen shugabanni. Wasannin ma sun rabu da yanayinsu. A Nijar hukuma ta mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975, aka fara a Tawa, zakara yana karɓar takobi. Dambe ya shiga gidajen wasa na birane inda ake biyan kuɗin ƙofa rani da damina. Ita kanta kalmar ta faɗaɗa, har ana cewa kakar wasanni da kakar zaɓe, watau duk lokacin da wani abu ya kama gadan-gadan.

Kammalawa

Kalandar takarda ta kawo tabbas, kuma ba mai musun amfaninta. Sai dai abin da take riƙewa shi ne ranakun sarakuna da gwamnatoci. Shekarar fāri da ta annobar shanu, da shekarar da aka haƙa rijiyar gari ko aka tashi kasuwa, waɗannan suna bakin tsofaffi ne kawai, kuma sunan da ake kiran yunwa ɗaya a Katsina ba lalle ne ya zama shi ake kiranta da shi a Damagaram ba. Aikin da ke gaban sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu shi ne su tura ɗalibai gundumomi su rubuta sunayen shekarun kowace ƙasa, su gwada su da takardun haraji da na kotunan alƙalai, su fitar da jadawali mai ɗauke da shekarar Hijira da ta Miladiyya da sunan da mutanen wurin suka sani. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki kuwa shi ne kaka, sa'ad da manomi ya ajiye fartanya yake da sukunin zama a yi hira.