Daga Kwando zuwa Katafila: Tarihin Sana'ar Tuƙa Manyan Injina a Arewacin Nijeriya

Layin dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a shekarar 1911 da ƙarfin ɗan Adam aka shimfiɗa shi, domin dubban leburorin da sarakuna suka tattaro bisa umarnin Turawan mulkin mallaka, da yawansu ba da son ransu ba, su suka fasa ƙasa da diga, suka kwashe ta a ka cikin kwanduna. Alhali tun a 1904 Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya a kan sarƙa maimakon taya a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma haɗewar kamfaninsa da na C. L. Best a 1925 ce ta samar da kamfanin Caterpillar.

Manyan injina sun fara kankama a Arewa ne a filayen haƙar kuza na Jos da kuma ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, amma sana'ar ba ta bunƙasa sosai ba sai da aka shiga zamanin madatsun ruwa: Kainji da aka kammala a 1968, da Tiga a 1974 lokacin Gwamna Audu Bako, da Bakolori a 1978, sannan ginin Abuja ya biyo baya. A waɗannan filayen aiki ne aka samu direbobin katafila, wato injin da ke ture ƙasa da faffaɗan ƙarfen da ke gabansa, da na rola mai danne ta, da na gireda mai daidaita ta.

Galibin waɗannan direbobi ba aji ne ya yaye su ba, tarbiyyar maigida da yaronsa ce, irin wadda aka sani a tashar mota. Yaro yakan daɗe yana ɗura giris, yana duba mai da ruwan lagireto, yana kankare taɓo daga sarƙa, kafin maigida ya yarda ya hau kujera, shi ma sai bayan an tashi aiki, don ya kai injin ma'ajiyarsa. Gireda ita ce ƙololuwar gwaninta, saboda direbanta ne ke bin turakun da safiyo ya kafa yana fitar wa hanya ɗan doro a tsakiya domin ruwan sama ya gangara gefe, kuma kuskurensa ba ya bayyana sai damina ta cinye kwalta.

Ilimin fasaha na boko ya zo da nasa tsari, daga asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, zuwa hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da aka kafa a Kaduna a 1977, da hukumar jarrabawa ta NABTEB a 1992. Sai dai kwalejojin fasaha sun fi fitar da makanikai da masu walda a kan direbobi, kuma dalilin a fili yake: makarantar da ke fama da kuɗin kayan koyarwa ba ta iya sayen katafila, balle man da za ta sha. A Amurka kuwa, ƙungiyar ma'aikatan injina da ta samo asali a 1896 tana haɗa darasin aji da aikin albashi na shekara uku zuwa huɗu. Giɓin horar da direbobi a Nijeriya ya ƙara fitowa tun da sababbin injina suka zo da kwamfuta da na'urar auna bisa ta tauraron ɗan Adam, abin da ya sa manyan kamfanonin gine-gine ke sake horar da direbobin da suka ɗauka.