Sunday Bada: Tseren Mita 400, Kakin Ɗan Sanda da Zinaren da Ya Iso a Makare

Tsakure

Sunday Bada (1969–2011), haifaffen Kaduna, ya shafe fiye da shekara goma yana wakiltar Nijeriya a tseren mita 400, ya ci gasar duniya ta rufaffen fili a 1997, sannan ya zama daraktan fasaha na Hukumar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Nijeriya. Maƙalar ta bi tarihinsa a fili da bayan ya bar fili, ta nuna cewa abin da ya riƙe shi da ƙarfin ƙafa ya ƙare aikin ɗan sanda ne da kujerar hukuma. Lambar zinaren Olamfik kuwa, wadda ita ce ƙololuwar aikinsa, ba ta zama tasa ba sai bayan rasuwarsa.

1. Tasowa da shekarun ganiya

An haifi Bada a Kaduna ranar 22 ga Yuni, 1969, iyayensa kuma 'yan asalin yankin da a yau yake cikin Jihar Kogi ne. Ya fara fitowa a idon nahiya a gasar Afirka ta 1990 a Alƙahira, inda ya sami tagulla a mita 200 da mita 400. Bayan shekara biyu ya ci tseren mita 400 a gasar cin kofin duniya da aka yi a Havana ta ƙasar Kuba. Mafi kyawun lokacinsa shi ne daƙiƙa 44.63, wanda ya yi a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar duniya ta 1993 a Stuttgart, ya kuma zo na biyar a tseren ƙarshe da Michael Johnson na Amurka ya lashe. Wannan lokaci bai kai 44.17 da Innocent Egbunike ya kafa a Zurich a 1987 ba, amma ya sanya Bada cikin ƙalilan ɗin 'yan Nijeriya da suka sauka ƙasa da daƙiƙa 45.

Mita 400 tsere ne mai wahalar sha'ani. Ya yi tsawo da a kwashe shi da numfashi guda kamar mita 100, ya kuma yi gajarta da a yi masa lallaɓa irin ta gudun famfalaki. Ɗan tsere yakan tashi da kusan iyakar ƙarfinsa, ya riƙe saurin a miƙen bayan fili, to daga kwanar ƙarshe ne jiki yake fara tawaye: cinyoyi su yi nauyi, kafaɗu su ɗaure, taku ya gajarce. Kowa saurinsa raguwa yake yi a mita ɗarin ƙarshe, wanda nasa ya fi jinkirin raguwa shi ne mai nasara.

A rufaffen fili ne Bada ya fi yin fice, dalilin kuma yana cikin ginin filin kansa. Zagayen rufaffen fili mita 200 ne, kwanoninsa masu tsauri ne kuma an ɗaga gefensu, don haka mita 400 zagaye biyu ne. Kowa yana gudu a layinsa har ƙarshen kwana ta biyu, daga nan sai a rufta layin ciki gaba ɗaya. Wanda ya riga kama layin ya tilasta wa sauran su bi ta waje, su ƙara wa kansu tazara a kan kwana. Wannan tsari ya dace da mai saurin mita 200, Bada kuwa yana da shi, domin shi ya ci zinaren mita 200 a Wasannin Afirka na 1995 a Harare. A gasar duniya ta rufaffen fili, ya sami azurfa a Toronto a 1993 bayan Butch Reynolds, ya sake samun azurfa a Barcelona a 1995 bayan Darnell Hall, sai a karo na uku, a Paris a 1997, ya ci zinare da daƙiƙa 45.51, ya bar Jamie Baulch na Birtaniya a baya. Tsakanin waɗannan akwai tagullar gudun ba-ni-in-ba-ka ta gasar duniya a Gothenburg a 1995.

2. Sydney, 30 ga Satumba, 2000

Bada ya je Olamfik sau uku: Barcelona a 1992, Atlanta a 1996 da Sydney a 2000, inda shi ya riƙe tutar Nijeriya a bikin buɗewa. Yana da shekara 31 a lokacin, ganiyarsa ta wuce. A tseren ƙarshe na ba-ni-in-ba-ka mai mita 400 sau huɗu, Clement Chukwu ya fara, ya miƙa sanda ga Jude Monye, Monye ya miƙa wa Bada, Bada ya damƙa wa Enefiok Udo-Obong, matashi ɗan shekara 18. Udo-Obong ya ƙwaci matsayi na biyu a takun ƙarshe. Nijeriya ta gama a 2:58.68, Jamaika a 2:58.78, wato tazarar kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, abin da bai kai tsawon taku guda ba. Amurka ta riga su da 2:56.35. Nduka Awazie da Fidelis Gadzama sun yi wa Nijeriya gudu a zagayen share fage, saboda haka su ma suna da rabo a lambar. Azurfa aka rataya wa 'yan Nijeriya a ranar.

3. Kaki a matsayin madogara

Bada ya daina gasa bayan kakar 2001. Ɗan tseren gajeren zango ba kasafai yake wuce shekara talatin da 'yan kai yana kan ƙarfinsa ba, ke nan yakan bar sana'arsa a daidai shekarun da ma'aikacin gwamnati yake fara hawa matakan girma. Gudu ba shi da fansho. Kuɗin gasa da alawus ɗin sansani suna tsayawa ranar da aka rataye takalmi, ciwon gwiwa da na agara kuma sukan bi mutum gida.

Abin da ya raba Bada da takwarorinsa da yawa shi ne tun yana gudu jami'in 'yan sanda ne, kuma bai tuɓe kakin ba har rasuwarsa. Wannan tsohon tsari ne a Nijeriya: rundunar 'yan sanda, soja, kwastam da gandiroba sukan ɗauki matasa masu hazaƙa, su ba su albashi da lokacin atisaye, su kuma su yi musu gasa. Chioma Ajunwa, wadda ta ci zinaren dogon tsalle a Atlanta da mita 7.12, ita ma 'yar sanda ce, ta kuma ci gaba da aiki har ta kai manyan muƙamai. Tsarin yana da aibinsa, domin ƙarin girman ɗan wasa yakan rataya a kan ra'ayin shugabannin lokacin, amma ya fi kyautar gida ko mota da ake sanarwa a bikin tarba, wadda cika ta kan ɗauki shekaru.

Ɗaya hanyar ita ce ta ƙetare. Da yawa daga 'yan tseren Nijeriya na shekarun 1980 da 1990 sun sami gurbin karatu a jami'o'in Amurka ta dalilin gudu, suka zauna can. Gadzama, abokin tafiyar Bada a Sydney, ya koma Landan har aka zaɓe shi kansila a yankin Merton a 2014.

Ga matashin da ya taso a garuruwa irin su Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura kuwa, hanyar kaki ce ta fi kusa. Gudunsa na farko yakan kasance a gasar shekara-shekara ta makarantar sakandare, a kan filin ƙasa da aka shata layukansa da toka ko farar ƙasa, wani da takalmin roba, wani ƙafa ba takalmi. Daga nan matakan da ke gabansa su ne wasannin jiha a Dutse, wasannin kwalejojin kimiyya da fasaha ga wanda ya shiga Kwalejin Hussaini Adamu ta Tarayya da ke Kazaure, sai Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, Kaduna kuma ta karɓi baƙuncinsa a 1977 da 2009. A irin waɗannan tarurruka ne masu horarwa na rundunoni suke farautar sababbin ƙafafu. Sai dai a ƙasar da dambe da kokawa suke da makaɗa, kirari da 'yan kallo masu liƙi, gudu bai taɓa zama sana'ar da uba zai yi wa ɗansa fata ba. Abin da uba yake ganewa shi ne takardar ɗaukar aiki, kuma a wannan fuska lissafinsa bai saɓa wa tarihin Bada ba.

Madogarar Bada ta biyu ita ce hukumar wasan kanta. A matsayin daraktan fasaha, Bada ya koma ɓangaren da ake tsara gasannin cikin gida, zaɓen tawaga da shirin sansani. Kujera ce guda ɗaya, tsofaffin 'yan tsere kuwa ɗaruruwa ne, don haka ba za a ɗauke ta a matsayin mafita ga kowa ba.

4. Shari'ar lambar Sydney

Tun kafin Bada ya daɗe da barin fili aka fara tuhumar tawagar Amurka. Ya bayyana cewa Jerome Young, wanda ya yi mata gudu a zagayen farko, an same shi da haramtaccen sinadarin nandrolone a 1999. Hukumar guje-guje ta duniya ta nemi a soke sakamakon tawagar duka, amma a 2005 Kotun Sasanta Rigingimun Wasanni da ke Lausanne ta yanke cewa Young kaɗai zai rasa lambarsa. Tagwaye Alvin da Calvin Harrison, waɗanda suka yi tseren ƙarshe, su ma an dakatar da su daga baya kan ƙwayoyin ƙara kuzari, amma laifukan nasu ba su shafi Sydney ba.

Abin da ya warware ƙullin ya zo a Mayun 2008. A shari'ar mai horarwa Trevor Graham a San Francisco, Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin 'yan tawagar ta Amurka, ya amsa a gaban kotu cewa ya yi amfani da maganin ƙara kuzari na EPO da sinadarin ƙara girman jiki a shekarun da suka haɗa da 2000. Michael Johnson, wanda shi ma yana cikin tawagar, ya ce zai mayar da tasa lambar don kansa, a watan Agusta kuma Kwamitin Olamfik na Duniya ya ƙwace zinaren daga Amurka. Ƙwacewa daban, miƙawa daban: kwamitin ya bar gurbin na ɗaya a wofi har kusan shekara huɗu.

A cikin wannan jira ne Bada ya rasu ba zato a Legas ranar 12 ga Disamba, 2011, yana da shekara 42, yana kan kujerarsa ta daraktan fasaha. A watan Yulin 2012, ana gab da buɗe Olamfik na Landan, kwamitin ya tabbatar da Nijeriya a matsayi na ɗaya, Jamaika ta biyu, Bahamas ta uku. Kusan shekara goma sha biyu ke nan bayan tseren, wata bakwai bayan rasuwar wanda ya ɗauki sanda a zango na uku.